Ciwon Crohn a Ƙasar Faskari: Lissafin da Ba a Yi wa Majinyaci

Littattafan likitanci sun yi ittifaƙi a kan ciwon Crohn: ba a raba mutum da shi har abada, amma ana iya danne shi ya kwanta shekara da shekaru idan aka haɗa magani da kula da abin da ake ci. Ban ƙaryata wannan magana ba. Inda asibiti ke kusa, hukuma kuma ke biyan kuɗin magani, haka abin yake. Tambayata ita ce nawa wannan magana take ci idan mai ciwon yana Sheme, ko 'Yankara, ko Daudawa, ko wani ƙauye a ƙasar Sabuwa. Cikin abin da za a kashe kuma, wanne ke sayo lafiya, wanne ke bin ruwa? Ana yawan kwaɗaita wa mutane jerin abinci da sunayen allurai, ba a cika zama a yi musu lissafi ba.

Ciwon kansa kumburi ne da gyambo a hanji, wanda garkuwar jiki ke haddasawa idan ta juya tana faɗa da hanjin mai ita. Yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ya fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, can ƙasan ciki ta dama. A 1932 ne Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu, Ginzburg da Oppenheimer, suka bayyana shi a asibitin Mount Sinai na birnin New York. Ya fi kama matasa. Alamominsa zawo na watanni, murɗar ciki bayan cin abinci, rama, ƙarancin jini, zazzaɓi sama-sama, wani lokaci maruru a gefen dubura da kan fashe ya koma yoyo. Yana lafawa, yana tashi.

Duk wanda ya ji waɗannan alamomi a ƙasarmu zai ce ai ya san ciwon, sai dai da wani suna ya san shi. Nan kuɗin farko ke fita. A ce saurayi ne ɗan shekara 22 a Ruwan Godiya, zawo ya kama shi bayan girbi ya ƙi tsayawa. Mahaifinsa zai fara da kemis.

"Likita, cikin yaron nan ya ƙi lafawa."

"To Baba, bari mu ba shi na taifot mu gani."

A yanko sifro da filajil daga kati, a ƙulla a leda. Ya ɗan ji dama, domin ƙwayoyin nan biyu kan ɗan sassauta har wa mai Crohn ɗin. Wata ya zagayo, ciwo ya dawo, a ce olsa ce. Maruru ya fito, a ce basir ne, a je wajen mai lasifika ranar kasuwa a sayo gorar jiƙo. Ciki na murɗa, a ba shi dikulofenak ko ibufurofen, waɗanda ke cikin magungunan da ke tayar da gyambon hanji. Da rama ta yi yawa 'yan unguwa su fara raɗa, wasu su ce ƙanjamau, wasu su ce jifa. Babu mataki ɗaya a nan da ya ci kuɗi mai yawa shi kaɗai. Amma a tara na shekara biyu, ba mamaki ya zarce kuɗin gwajin da ake gudu tun farko.

Ba na ganin laifin mai kemis ko uban yaron a kan zaton farko. Taifot da atini da tsutsar ciki su ne ruwan dare, Crohn baƙo ne. A 2011 likitocin tiyata na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika sun wallafa rahoto suna tambayar ko har yanzu irin wannan kumburin hanji abu ne da ba a cika ganowa a Najeriya ba. Laifin yana wajen maimaita zaton. Zawon da ya haura wata guda, ga rama, ya fita daga hurumin kemis.

Gano shi sai an leƙa hanji da bututu mai kyamara ta dubura, a ɗebo 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji. Mutumin Faskari zai nemi wannan aiki a manyan asibitoci irin Shika ko na Malam Aminu Kano. Kuɗin gwajin kashi ɗaya ne kawai. Akwai zuwan farko na yankar kati da ganin likita, a ba da rana. Akwai jajibirin ranar, da majinyaci zai bar abinci mai nauyi, ya sha maganin wankin hanji da ruwa lita-lita, ya kwana yana zarya bayan gida. Wannan ba ya yiwuwa a cikin mota, dole a sami gidan ɗan'uwa a Samaru ko a kama ɗaki. Akwai mai jinya, shi ma yana ci, yana biyan kujera. Sai komawa karɓar sakamakon tsokar, sai komawa nuna wa likita. Kowace tafiya daga gida zuwa Funtuwa ce, daga Funtuwa zuwa Zariya, da fetur ɗin da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023.

Hanyar ma ba kullum take a buɗe ba. Mutanen yankin ba su manta ƙarshen Agustan 2021 ba, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari, don daƙile 'yan bindiga, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A Satumba aka katse layukan waya. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakin ga tsaro, ga mai jinya abin da ya zama shi ne: akuyar da zai sayar ya biya asibiti ba kasuwa, likitan da zai kira ba waya. Ciwon da ke son ganin likita duk bayan 'yan watanni, tsawon rai, yana da wannan kuɗin da ba ya shiga rasit.

Ga inda shakkata ta fi ƙarfi. Ko an yi gwajin kyamara an ga gyambo a ƙarshen ƙaramin hanji, ba a gama ba, domin tarin fuka, wato tibi, shi ma yana sauka a hanji, kuma daidai wannan gurbin yake zama. Zawo, rama, zazzaɓi, toshewar hanji, duk ɗaya. Mai tibin hanji sau da yawa ba ya tari, gwajin majina kan fito babu komai, kuma ko a tsokar da aka ɗebo ba kullum ake ganin ƙwayar cutar ba. Najeriya ce kan gaba a Afirka a yawan masu tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa a shekara. Ƙara da madarar shanu da ba a tafasa ba, wadda kan ɗauko tibin shanu zuwa hanji. A ƙasa irin wannan, tibi ya kamata a fara tuhuma.

Bambancin biyun, a aljihu da a rai, babba ne. Tibi yana warkewa sarai da maganin wata 6, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Crohn kuwa maganinsa danne garkuwar jiki ne. Idan aka ba mai Crohn maganin tibi bisa kuskure, an ɓata masa watanni, an wahalar da hantarsa. Idan aka ba mai tibi maganin Crohn, an kwance wa cutar dabaibayi, ta bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa, tana iya kashe shi. Shi ya sa likitocin Indiya, inda cututtukan biyu ke da yawa, idan abin ya rikice sukan fara da maganin tibi na wata 2 zuwa 3, sannan su sake leƙa hanjin. In gyambon ya warke, tibi ne. In yana nan, a koma kan Crohn. Sake leƙawar ce ginshiƙi, domin mai Crohn ma kan ji sauƙi na ɗan lokaci da maganin tibi, ya ɗauka ya warke. Gwajin kyamara biyu ke nan, ba ɗaya ba. Duk da haka, cikin dukan kuɗaɗen da ke wannan lissafi, wannan ne ba zan nemi ragi a kansa ba.

Maganin da ya fi araha shi ne firednisolon. Likita kan fara da miligiram 40 a rana, ƙananan ƙwayoyi 8, ya riƙa ragewa a hankali cikin kamar mako 8 har a daina. Yana aiki da sauri: zawo ya tsaya, cin abinci ya buɗe, kumatu su ciko. Saurin nan ne tarkonsa. Wanda ya shekara biyu yana fama, ya ga mako guda ya sauya shi, ba zai so rabuwa da ƙwayar ba, ga ta kuwa a kemis ba a cika tambayar takardar likita ba; danginta ne ma ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe. Amma ba ya hana ciwon dawowa, bincike ya daɗe da tabbatar da haka. Abin da yake bari idan an daɗe a kansa shi ne ciwon suga, hawan jini, ƙashi mai saurin karyewa, yanar ido, da jiki mai karɓar kowace cuta. Mai atinin amiba da aka ɗora a kansa, hanjinsa na iya fashewa. Wanda ya saba da shi ya yanke rana ɗaya kuma yana iya faɗuwa magashiyan. Kuɗinsa kaɗan ne yau, amma bashi ne da jiki ke biya daga baya.

Sai abinci, wanda a kansa aka fi yi wa mutane romon baka. Tsarin da aka fi tabbatar da yana kwantar da kumburin, musamman ga yara, shi ne a bar duk wani abinci na mako 6 zuwa 8, a rayu a kan madarar asibiti ta musamman da ruwa kaɗai. A yara yana aiki daidai da firednisolon ba tare da illolinsa ba, har ya fi shi warkar da gyambon. Amma a duba adadi. Gwangwanin irin wannan madara, Modulen, mai giram 400 yana ɗauke da kusan abin da baligi ke buƙata a yini ɗaya. Gwangwani 42 zuwa 56 ke nan, kayan waje da kuɗin waje, a ƙasar da dala ta tashi daga kusan naira 460 a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Madarar gari ta shago ba ta maye gurbinta.

Akwai tsari na biyu da Arie Levine da abokan aikinsa suka gwada a kan yara a Isra'ila da Kanada, aka wallafa a 2019. Rabin abincin yini madarar asibitin ce, sauran rabin kuma zaɓaɓɓen abinci: a matakin farko, kullum tsokar ƙirjin kaza, ƙwai 2, ayaba 2, tuffa 1, dankalin turawa 2, da shinkafa. Ya yi aiki, yara kuma sun fi jure shi. Sai dai a karanta jerin nan a gidan da rumbunsa dawa ce da masara da gero, waɗanda babu ko ɗaya a cikin jerin. Kaza kullum na mako 6 ga yaro ɗaya, 'yan'uwansa bakwai na kallo daga bakin kwanon tuwo: duk uwar da ta taɓa rabon nama ta san wannan ba kuɗi kaɗai yake ci ba.

Sauran tsare-tsaren da ake yayatawa, hujjarsu ba ta kai amonsu ba. A 2021 an wallafa wani gwaji a Amurka a kan manya kusan 190: rabi aka ɗora su a kan tsattsauran tsarin da ya haramta hatsi baki ɗaya, rabi a kan abinci mai sauƙin bi irin na mutanen gaɓar Bahar Rum. Bayan mako 6, kusan 46 cikin 100 suka ji sauƙi a rukunin farko, kusan 43 a na biyu. Wahalar barin hatsi ba ta sayo wani abin kirki ba, kuma awon jini ya nuna kaɗan ne kumburinsu ya sauka da gaske.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne irin hanin da ake yi a gida. Wannan ya ce kar ya sha nono, wancan ya ce kar ya ci mai, goggo ta ce wake ne, kawu ya ce nama ne. A wayi gari saurayin da hanjinsa ba ya tsotsar abinci sosai an bar shi da koko tsararo. Ramar da ciwo ya fara, hani ya ƙarasa ta, kuma mai rama shi ne ɗinkinsa ke ƙin kamawa in ta kai ga tiyata. Hanin da ke da tushe kaɗan ne. Wanda hanjinsa ya tsuke, ya guji abin da ke da ɓawo da zare: aya, gyaɗa tsaba, ɗanyen ganye, kwaɗon rama, dusa, mangwaro mai gashi. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya rage, amma kindirmo ya fi sauƙi a ciki, ba kowa za a hana ba. Tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, kunun gyaɗa tatacce, faten kabewa, dafaffen ƙwai, kifi, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Wannan ba ya warkar da gyambo. Yana dai riƙe mutum a tsaye har magani ya yi aikinsa.

Magungunan riƙe ciwon kuwa, azatiyofirin ne ya fi kusa da aljihun talaka. Yana ɗaukar kusan wata 3 kafin ya fara aiki, kuma yana iya karya ƙwayoyin jini ko ya taɓa hanta ba tare da mutum ya ji ba, don haka sai da awon jini akai-akai a watannin farko, sannan duk wata 3. Wanda ya sayi ƙwayar bai ware kuɗin awon ba, rabin magani ya saya. Metotireksat yana lahanta ɗan tayi, bai dace da matar da ke neman haihuwa ba. Mesalazin kuwa, duk da tsadarsa, amfaninsa na ga wani kumburin babban hanji ne daban. A Crohn ƙungiyar likitocin hanji ta Turai ba ta ba da shawarar amfani da shi ba.

Manyan alluran zamani suna aiki, har suna rufe yoyon dubura. Infiliksimab, da Amurka ta amince da shi don Crohn a 1998, ana ɗura shi ta jijiya a asibiti: ranar farko, mako na 2, mako na 6, sannan duk mako 8. Mai nauyin kilo 50 na buƙatar miligiram 250, kwalba 3 ke nan kowane zuwa, zuwa 8 a shekarar farko, kwalba 24. Samfura masu rahusa da suka fara fitowa a Turai a 2013 sun sauke farashi, amma ba su kawo shi kusa da mai albashin naira 70,000 ba, balle manomi. Adalimumab allura ce duk mako 2, sai an ajiye ta a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba tare da wuta ta yanke ba. Dukansu na tayar da tibin da ya kwanta a jiki da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan baligai 8 cikin 100. Kuma idan an fara an tsaya, an sake farawa, jiki kan ƙirƙiro makaman yaƙar maganin, ya daina aiki. Iyalin da suka sayar da gona suka sayi allura uku, ba su da hanyar ta huɗu, sun yi asara biyu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A nan nake ganin ya kamata a daina kallon tiyata a matsayin ƙarshen hanya. Tsofaffin ƙididdiga sun nuna kusan rabin masu ciwon kan kai ga wuƙa cikin shekara 10. Wani gwaji da aka yi a Holan da Ingila, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa idan ciwon ya taƙaita a ɗan guntun ƙarshen hanji, yanke guntun na ba da lafiyar da ta yi daidai da ta infiliksimab, kuma lissafin da ya biyo baya ya nuna ya fi sauƙin kuɗi. Likitocin tiyatarmu sun san wannan gurbin sarai, nan taifot ke huda hanji. Tiyata ba warkewa ba ce, ciwon kan dawo a bakin ɗinkin, kuma wanda aka yanke wa wurin zai iya buƙatar allurar bitamin B12 tsawon rai. Amma biya ɗaya ne babba da dangi za su iya haɗa hannu a kai, ba biyan da ba ya ƙarewa ba.

Wa ke biyan duk wannan? Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta rajista, Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma manomin waken suya a Faskari har yanzu buhunsa da akuyarsa ne inshorarsa. Bayan wannan akwai daminar da za ta wuce ba a yi noma ba, karatun da zai tsaya, auren da za a ɗaga saboda raɗe-raɗi, da kunyar mai yoyo da ke janye shi daga sahun masallaci, alhali malaman Malikiyya sun sauƙaƙa wa mai lalurar da ba ta yankewa a kan alwala.

Abubuwan da ke rage wannan nauyi ba tare da an kashe kwabo ba guda biyu ne: barin taba, domin tana ninka haɗarin dawowar ciwon bayan tiyata, da barin dikulofenak da danginsa. Bayan su, maganin ƙarin jini da awon da ke tafiya da azatiyofirin sun cancanci kuɗinsu.

Ga hukuma kuwa, ba zan nemi a buɗe wa Crohn asibiti ba, masu shi ba su kai yawan haka ba. Abin da nake nema daga gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da wakilan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa shi ne a tabbatar mai zawon da ya haura wata guda zai iya samun gwajin tibi, na ƙanjamau, na ciwon hanta da na bayan gida a Funtuwa cikin zuwa ɗaya, a leƙa hanjinsa a nan, tsokar ce za ta yi tafiya zuwa Shika ba shi ba, sakamako ya same shi ta waya. Na'urar da za ta gano mai Crohn ɗaya ita ce za ta gano masu tibin hanji da masu sankarar hanji da yawa, kuma su ne za su sa kuɗin sayenta ya fita.